Noti Biyu a Gindin Masai

Bututun famfon banɗakinmu ya ɗan lanƙwashe. Ya rabu da bango kamar faɗin yatsa biyu, ƙusar da ke riƙe da shi ta fito rabi. Na gan shi wata safiya ina wanke baki, na ce a raina sai an gyara, na fita. Sai da na zauna a motar zuwa aiki na gane abin da ya lanƙwasa shi. Shi Baba yake kamawa ya miƙe in ya tsuguna.

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya sami sauƙi. Yana tafiya da sanda, ya koyi riƙe cokali da hagu, maganarsa ma ta dawo, sai 'yan kalmomin da kan maƙale masa. Tsuguno ne ya gagare shi. Masan gidanmu kuwa na tsuguno ne, shi ya dasa shi da hannunsa tun ba a haife ni ba, kamar yadda ya dasa kowace ƙofa da kowace taga. Shekara arba'in ya yi yana bakanike a garejin manyan motoci, kuma ban taɓa ganin ya kira wani ya gyara masa ko makunnin fitila ba.

Mu biyu ne a gidan tun rasuwar Mama. Ni ce ƙarama, kowa Auta yake ce mini. Ina fita ƙarfe bakwai, ba na dawowa sai biyar.

Ban yi wa kowa maganar bututun ba. Bayan kwana tara ya ɓalle a hannun Baba. Ya faɗi zaune cikin ruwa, ya kasa tashi, ya kusa awa uku a nan. Maƙwabcinmu Direba, wanda ya yi shekaru yana kai masa mota gyara har suka zama aminai, shi ya ga ruwa yana fita ta ƙarƙashin ƙofar gida. Ya ɓalla sakata ya shiga ya ɗaga shi.

Washegari Yaya ya zo. Shi ne babbanmu, gidansa yana can ɗaya ƙarshen gari. Ya zauna a bakin kujera da makullin mota a hannu.

"Baba, ɗakin ƙasa na gidana ba kowa a ciki. Da banɗakinsa, masai na zama. Yara ma za su ji daɗi."

"Su zo nan su ji daɗin."

"To bari in turo mai gyaran famfo ya sa maka na zama."

"A gidana? Ina numfashi?"

"Baba, hannunka..."

"Hannuna ɗaya ne ya tafi. Kaina yana nan. Ga Auta da hannu biyu da digiri."

Yaya ya juya makullin a hannunsa. Can ya ce, "Shi ke nan. Zuwa ƙarshen wata. In na zo na tarar kana shiga kana fita kai kaɗai, na bar maganar har abada. Amma in aka sake ɗaga ka daga ƙasa, zan zo da mota, kuma ba zan nemi shawarar kowa ba."

"Daga gidan nan sai dai a fitar da ni a kwance," in ji Baba.

A bakin ƙofa Yaya ya tsaya ya dube ni. "Ke kuma kina ganin komai, ba kya faɗin komai. Wata rana shirun nan naki zai kashe mutum."

Ranar Asabar muka fara. Direba ya ɗauko mana sabon masan a bayan motarsa, fari sol, cikin kwali, da tankinsa da murfinsa da 'yar ledar notuna. Baba ya sa na juye bokitin fenti a ƙofar banɗaki, ya zauna a kai, ya jingina sandarsa. Ya sa na jera kayan aiki a kan buhu, kowanne a inda yake so. Ni na rufe ruwa daga waje. Direba ya ɗauki guduma.

"Yau ga ranar da nake jira," ya ce. "Babban bakanike ya koma injiniyan masai. Da ma can na san nan za ka ƙare."

"Riƙe gudumar da kyau. Ba sitiyari ba ce."

"Shekara talatin ina kawo maka mota da ciwo ɗaya, ka dawo mini da ita da ciwo uku."

"Kai ne ciwon motar. Buga nan, ta gefe. In ka fasa mini bututun ƙasa, da kanka zan toshe shi."

Tsohon masan bai fita da sauƙi ba. Baba ya zuba masa siminti kamar mai gina gada. Muka yi ta fasa har azahar, ƙura ta cika mana gashin ido. Da ya ɓalle, wani wari ya taso daga bakin bututun, Direba ya fita tsakar gida yana tari yana cewa yau ya san abin da Bakanike ya ci tun yana saurayi. Baba bai yi dariya ba. Ya ce in dunƙule tsumma in toshe bakin, in kuma ɗaura masa igiya don kada ya zurma ciki.

Sauran aikin ni na yi shi, shi yana faɗa. Ya sa na auna daga bango zuwa tsakiyar bututu sau uku, sannan ya karɓi ma'aunin ya auna da kansa da hannun hagu, ƙarshen yana zame masa. Na haɗa gwiwar bututu, na cika ramin da ɓaraguzai da yashi, na daddage. Na kwaɓa siminti a kwanon baro. Ya ce ya yi ruwa, na ƙara, ya ce ya yi tauri. Da na shafe saman, ya miƙo ƙafarsa mai lafiya ya nuna wani gefe da babban yatsa.

"Nan ya yi tudu."

Na ɗora ma'aunin nan mai kumfa a ciki. Gaskiyarsa ne, da ido ya gani.

Sai da muka ba simintin kwanaki ya kama, sannan na jera tayil na cike gurbin. A waɗannan kwanakin Baba ya yanke tsakiyar wata tsohuwar kujerar roba, ya sa bokiti a ƙarƙashi, ya ajiye a lungun bayan ɗakinsa. Ya ce kada in kuskura in taɓa bokitin. Shi kuma ba zai iya ɗaukarsa ba. Kullum da sassafe nakan ɗauka in kai masan waje na gidan Direba, in wanke in mayar. Shi kuwa yana ɗaki, ya kunna rediyo da ƙarfi. Ba mu taɓa yin maganar ba. Sai dai a makon nan bai ci abincin kirki ba, kuma na san dalili.

Asabar ta biyu muka buɗe kwalin. A ciki akwai wata takarda mai zane-zane, mataki-mataki. Na karanta ta a tsaye. Zane na shida hannu ne riƙe da sufana, an ja masa jan layi. A ƙasa an rubuta cewa a ɗaura notunan gindi da hannu, a ƙara kaɗan da sufana, wannan gefe sannan wancan, a tsaya da zarar ya daina motsi, domin tangaran yana tsagewa.

"Baba, an ce a nan..."

"Kawo."

Na miƙa masa. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya juye ledar notunan a kai don kada su gangare.

Na huda ramuka biyu inda ya yi alama. Na cire tsumman, na sa zoben roba a bakin bututu. Ni da Direba muka ɗaga masan muka saukar da shi a hankali, Baba yana cewa hagu, hagu, dawo kaɗan. Ya zauna daram. Kumfar ma'auni ta tsaya a tsakiya. Na durƙusa na sa wasa, ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, na ɗora noti a kowane gefe, na murɗa da yatsu, na ƙara da sufana. Na girgiza masan, bai motsa ba.

"Ya ɗauru," na ce.

"Ƙara."

Na ƙara kaɗan.

"Auta, wannan ɗaurin ɗankunne ne. Mutum zai hau abin nan da nauyinsa duka. Ƙara."

Na sake ƙarawa. Sai ya ce in matsa. Ya jawo bokitinsa kusa, ya karɓi sufanar da hannun hagu. Tun da ya kwanta ciwo bai riƙe ta ba. Ya juya ta a tafinsa, ya goge bakinta da babban yatsa. Ya gwada ja, ƙarfin bai kai ba. Ya ce wa Direba ya miƙo masa guntun bututun ƙarfen da ke kan buhu. Ya zura shi a kan hannun sufanar ya ƙara mata tsawo, yadda suke yi wa notin taya a gareji. Ya sa ƙirji ya danna.

Na ji ƙarar. 'Yar ƙarama ce, tas, kamar an taka ƙwayar shinkafa a kan tayil. Direba yana waje yana wanke hannu. Baba kuwa injuna sun daɗe da cinye masa rabin ji.

Ya ɗago kai yana haki. Fuskarsa ta koma yadda na san ta ina yarinya, in ya dawo daga gareji ya tayar da motar da kowa ya haƙura da ita. Har gefen bakinsa da ya karkace ya ɗan motsa.

"Haka ake ɗauri," ya ce. "Zo ki ji."

Na taɓa notin. Na ce, "Ya ɗauru, Baba."

Muka ɗora tanki, muka haɗa ruwa. Na buɗe daga waje, tankin ya cika ya tsaya. Baba ya danna, ruwa ya zubo ya tafi. Ya zauna a kan murfin da kayansa, ya dogara sanda ya miƙe. Ya sake zama, ya sake miƙewa. Sau bakwai na ƙirga.

"Mai girma shugaba ya hau kujera," in ji Direba daga ƙofa. "Allah ya sa a daɗe ana yi."

"Kai dai ba za ka taɓa hawanta ba. Ka je naka ka tsuguna."

Ranar nan ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Litinin da safe na ga ruwan. Siririn layi ne, ya fito daga gindin masan ta dama ya bi tsakanin tayil. Na durƙusa da tocila. Tsagar tana nan kamar gashi ɗaya, ta tashi daga notin ta nufi baya. Na goge ruwan, na sa fensir na yi ɗigo a inda ta tsaya. Na naɗe tsohon tawul na cusa a bayan masan, inda ba zai gani ba sai ya sunkuya, shi kuma ba ya sunkuyawa.

Da hutun rana na sayo gam mai ƙarfi. Da yamma, yana waje suna hira da Direba, na busar da wurin na shafa. Na gwada sassauta notin ma, ya ƙi juyawa. Laraba tsagar ta wuce gam ɗin, ta wuce ɗigon fensir da faɗin farce. Na yi sabon ɗigo. Duk zaman da ya yi a kai ƙara buɗe ta yake yi.

Na yi niyyar faɗa masa. Sau uku na shirya maganar a mota, na san ta inda zan fara. In na shigo sai in tarar ya fito da akwatin kayan aikinsa tsakar gida yana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da baƙin mai. A rumfar da ke gefen gida akwai allon katako da ya zana siffar kowane ƙarfe a jiki, kowanne da ƙusarsa. Wata bakwai allon yana cike da ƙura. Yanzu ya share shi.

"In mun gama da wannan watan," ya ce, "ƙofar gida za mu kama. Sakatar da wancan mahaukacin ya ɓalla. Sannan rufin kicin. Kin iya aiki, Auta. Hannun uwarki gare ki, ba ya rawa."

Na ce to. Na shiga na matse tawul ɗin na sa busasshe.

Yaya ba zan iya faɗa wa ba, don faɗa masa daidai yake da kiran motar. Direba kuma magana ba ta kwana a cikinsa. Na yi tunanin in sayo wani masan in canja a ɓoye, amma Baba ba ya fita ko'ina, kuma ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba. Sai na zauna ina lissafin kwanaki. Na ce in Yaya ya zo ya gani ya tafi, sai in faɗa. Saura kwana shida, saura biyar. Tawul ɗaya ya daina isa, na koma sa biyu.

Saura kwana uku, wajen ƙarfe ɗaya, wayata ta yi ƙara a ofis. Yaya ne.

"Ki taho gida."

"Lafiya?"

"Ki taho."

Na tarar da motarsa a ƙofar gida. A tsakar gida akwai wani dogon ƙarfe mai sheƙi a cikin leda, irin wanda ake kafawa a bangon banɗaki don kamawa. Daga baya na ji cewa ƙarfen ne ya kawo Yaya. Direba ya ba shi labarin aikin a waya, ya ji daɗi, ya sayo ƙarfen ya biyo da shi don Baba ya kafa da kansa. Ya yi sallama ba a amsa ba. Ya tarar da Baba kwance a gefen masai, ruwa ya jiƙa masa riga, sandar ta zame ta shige bayan ƙofa. Bai karye ba. Ƙugunsa ne ya bugu, gwiwar hannunsa ta kuje. Bai kira kowa ba. Ya fi awa ɗaya yana ƙoƙarin tashi da kansa.

Baba yana zaune a kan bokitin fenti, an canja masa riga. Direba yana tsaye a jingine da bango. A cikin banɗaki wani mutum ne a durƙushe da jakar kayan aiki, mai gyaran famfon da Yaya ya kira.

"Wanda ya yi daɓen nan ya san aiki," mutumin yake cewa. "Ga bututu a daidai, ga shi bai karkace ko kaɗan ba. Ni kaina ba zan yi fiye da haka ba."

Baba ya ɗaga kai.

"To daga ina ruwan yake?" in ji Yaya.

Mutumin ya sa hannu a baya ya jawo tawul biyu sharkaf, ya ajiye a tsakiyar ɗaki. Ya haska tocila. Ya ɗan yi dariya.

"Wa ya ɗaure notin nan na dama? Ai wannan ɗaurin tayar tirela ne. Dubi wasan, har ya lotsa. Baba, tangaran ne fa, ɗan'uwan faranti. Da yatsa ake ɗaure shi, a ɗan taɓa da sufana. Tun ranar da aka ɗaure shi ya tsage."

Baba ya sauke kai. Mutumin bai lura ba, ya ci gaba da haskawa.

"Ai an ma san da ita. Ga gam an shafa. Ga alamar fensir, ɗaya, biyu, uku... har shida. Wani yana bin ta kullum."

Yaya ya juyo. Direba ya sunkuyar da kai. Ni Baba nake kallo, shi kuma tawul ɗin yake kallo. Ɗayan na Mama ne, mai ratsin shuɗi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Kin ji shi?"

"Na ji."

"Takardar nan da kika so karanta mini."

"E."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi hannunsa na hagu, ya buɗe shi ya rufe.

"Ba wani abu ba ne," in ji mai gyaran famfon, yana goge hannu. Sai yanzu ya fara jin nauyin ɗakin. "Tunda ƙasan yana da kyau, gobe in kawo wani, aikin awa ɗaya ne. Baba ma sai ya zauna ya duba ni."

"Ba sai an kawo ba," in ji Yaya. Ya ja ni gefe zuwa ƙofar kicin, ya rage murya. "Kwana goma sha ɗaya kina goge ruwa. Da kansa ne ya bugu da bakin masan fa? Me za ki ce mini?"

Sai maganar ta zo mini, duk wadda na kasa yi. Na ce laifina ne, ba na Baba ba. Na ce aikin ya yi kyau, shi ma ya ji an faɗa. Na ce ya ga yadda Baba yake cin abinci kuwa, ya ga allon rumfa? Na ce a ba mu mako ɗaya, a sa sabo, a kafa ƙarfen, zan nemi hutu a wurin aiki in zauna da shi. Na ce in aka kai shi ɗakin nan na ƙasa, inda ba abin da zai gyara, ba zai kai shekara ba. Ban taɓa yi wa Yaya magana mai tsawon wannan ba. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Yaya yana saurare, yana murza goshi. "Na faɗa a gabanki, Auta. A gabansa na faɗa. Sau biyu ke nan ana ɗaga shi. Kina so in jira na uku?"

"Mako ɗaya kawai."

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya yana kallon bayana. Na juya.

Bokitin fentin ba kowa a kai. Baba yana cikin rumfa. Ya ɗauko sufanar daga kan buhu, ya rataye ta a ƙusarta, ta zauna daidai cikin zanenta. Guntun bututun ƙarfen kuma ya jefa shi cikin kwandon tarkace. Ya laluba aljihu ya fito da makullin gida, ya ajiye a kan dakalin tagar kicin, inda nake ajiye nawa.

Ya bi ta gabanmu yana jan ƙafar dama, bai dubi kowa ba. Direba ya matsa zai kama masa hannu, ya fasa, ya buɗe masa ƙofar gida kawai. Muna jin sandar a kan simintin waje, tana tafiya tana tsayawa. Sannan muka ji an buɗe ƙofar motar Yaya, ta baya. An daɗe kafin a rufe ta.